Wasa ya ce fayil ya ɓace, mai gyara ya ce sai fomataj: in yarda?

Wani ƙanenmu ne ya aiko da wannan tambaya daga Tawa:

"Salamu alaikum yaya. Ina da ɗan ɗakin wasanni, kwamfuta huɗu, duka na hannu ne, Windows 10 na Faransanci a kansu. Na kwafo Need for Speed Most Wanted na 2005 da PES 2013 da GTA San Andreas a kile (USB) daga wurin abokina. Need for Speed ya ƙi tashi, yana rubuta «Impossible d'exécuter le code, car d3dx9_26.dll est introuvable». Na nemo fayil ɗin a intanet na zuba a System32, bai yi ba, na sake zuba shi a dosiyen wasan, sai saƙon ya koma 0xc000007b. PES kuwa cewa yake ba a girka shi ba, alhali ga shi ina gani. San Andreas yana cikin RAR, in ina warwarewa sai ya tsaya ya ce CRC. Mai gyara ya ce sai an yi fomataj. In yarda?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yarda tukuna, ka riƙe kuɗinka. Ciwo uku ka lissafa, kowanne da sanadinsa, kuma babu ɗaya a cikinsu da fomataj ke warkarwa. In an goge kwamfutar yau an zuba sabon Windows, gobe Need for Speed zai sake tambayarka d3dx9_26.dll, don sabon Windows ba ya zuwa da shi tun asali.

Abin da nake fara yi in an kawo min irin wannan shi ne in karanta sunan fayil ɗin da saƙon ya ambata, in tambayi kaina: na wane ne? Na Microsoft ne, ko na wasan kansa, ko kuwa fayil ɗin yana nan, hanyar da ya biyo ce ta lalata shi? Amsar wannan tambaya ita ke nuna inda za ka dosa. Yawancin mutane da sun ga akwatin nan mai jan alama sai su danna OK tun ba su karanta ba, daga baya su ce "ya ƙi yi".

To d3dx9_26.dll na Microsoft ne, ɓangare ne na DirectX 9, wato tarin shirye-shiryen da wasanni ke dogara da su wajen hoto da sauti. Ga inda mutane ke ruɗewa: ka rubuta dxdiag a wurin bincike na Windows, kwamfutar ta nuna maka DirectX 12, ka ce ai 12 ya fi 9, me kuma ake nema? Gaskiya ne tushen DirectX 9 yana cikin Windows 10, amma akwai wasu fayilolin taimako da ake kira D3DX waɗanda Microsoft ya riƙa fitarwa daban-daban tsakanin 2005 da 2010, kowane fitowa da lambarsa, daga d3dx9_24 har zuwa d3dx9_43. Kowane wasa an ɗaure shi da lambar da ake yayi lokacin da aka ƙera shi. Most Wanted na 2005 lamba 26 ya sani, ko ka ba shi 43 ba zai karɓa ba. Akwai masu canja wa 43 suna su mai da shi 26. Wani lokaci wasan ya buɗe, ya kai tsakiyar tsere ya faɗi. A zamanin faifai, mai girka wasan ne ke zuba waɗannan fayiloli a ƙarshen aikinsa. Kai kuwa dosiye ka kwafo, ba girkawa ka yi ba, shi ya sa aka tsallake wannan mataki.

Maganinsa kunshi guda ne daga shafin Microsoft, sunansa DirectX End-User Runtimes na watan Yuni 2010. Ka nemi cikakken, wanda fayil ɗinsa ke da suna directx_Jun2010_redist.exe, nauyinsa wajen mega 95. Akwai ƙaramin da ke sauko da sauran daga intanet a kan kowace kwamfuta, amma kai mai na'ura huɗu asarar mega ce. Ka sauke babban sau ɗaya ka ajiye. Ka kula da tarkon da ke cikinsa. In ka buɗe shi zai tambaye ka inda zai zuba kaya, ka nuna masa wani dosiye, ya zazzage fayiloli masu yawa, ya rufe. Da yawa nan suke tsayawa suna zaton an gama. Ba a fara ba ma. Sai ka shiga wannan dosiye ka nemi DXSETUP.exe, shi ne mai girkawa. Kafin ka sauke komai ma ka leƙa cikin dosiyen wasannin da kake da su, sau da yawa akwai wani ɗan dosiye mai suna DirectX ko Redist da DXSETUP a ciki. Wannan kunshi ɗin kuma shi ke kawo xinput1_3.dll, wanda wasanni da yawa ke nema saboda abin sarrafa wasa na hannu.

Amma kafin ka girka, sai ka kwashe abin da ka zuba da hannunka, don shi ya haifar da 0xc000007b. Wasannin nan uku duka na bit 32 ne, Windows ɗinka kuwa kusan tabbas na bit 64 ne. A irin wannan Windows, dosiyen System32 fayilolin bit 64 ke ciki, na bit 32 kuwa suna cikin SysWOW64. Na san sunayen kamar an juya su, amma haka Microsoft ya tsara. Da ka zuba fayil ɗin a System32, wasan bai ko leƙa can ba, Windows SysWOW64 yake tura shi. Da ka zuba a dosiyen wasan kuwa ya gan shi, don nan ake fara dubawa, ya ɗauka, ya tarar ba irin nasa ba ne. Galibi abin da wannan lamba ke nufi ke nan: shiri na bit 32 ya ci karo da fayil na bit 64, ko fayil ɗin da aka ba shi lalatacce ne. Ka goge wanda ka sa a dosiyen wasan, ka goge wanda ka sa a System32, shi kaɗai, kada ka taɓa maƙwabtansa, sannan ka tada DXSETUP.

Shafukan nan masu raba DLL ɗaya-ɗaya kuwa, ka fita harkarsu baki ɗaya. Ɗaukar fayil daga can kamar karɓar ƙwayar magani ce tsirara a hannun mai talla a tasha, babu kwali, babu suna, ba ka san ƙarfinta ba, ba ka san ko ta lalace ba. Ko an yi sa'a fayil ɗin na gaskiya ne, wasan zai nemi na biyu da na uku, ka wuni kana ɗinki. In ba a yi sa'a ba, DLL shiri ne da ke aiki da cikakken ikon wasan, duk abin da aka cusa a ciki zai tashi tare da shi, kuma kile ɗaya ke yawo tsakanin kwamfutocinka huɗu.

Tunda kana da ɗakin wasanni, ƴan uwan wannan saƙo za su zo maka, gara ka san su tun yanzu. Duk sunan da ya fara da MSVCR ko MSVCP ko VCRUNTIME na Visual C++ ne, wani kunshin Microsoft da shirye-shirye ke dogara da shi, lambar da ke bayansa ita ke faɗin shekara: 100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, 140 kuwa kunshi ɗaya ne da ya haɗa 2015 da waɗanda suka biyo bayansa. Na 2005 da 2008 sukan zo da wani saƙo daban mai cewa «configuration côte-à-côte est incorrecte». Kowanne yana da x86, wato na bit 32, da x64, wato na bit 64. Tsofaffin wasanni x86 suke so ko da Windows na bit 64 ne, nan ne kuskuren da ya fi yawa. Ka girka duka biyun ka huta. In ka buɗe jerin shirye-shiryen kwamfuta ka ga Visual C++ sun yi layi, kada ka ce bari ka rage cunkoso ka goge tsofaffin, sabo ba ya maye gurbin tsoho. San Andreas kuma in ya tashi zai nemi DirectPlay. Shi ba saukewa ake daga wani shafi ba, yana cikin «Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows», ƙarƙashin «Composants hérités», ka sa masa alama.

Batun PES gajere ne. Lokacin girkawa, wasan yana rubuta adireshinsa a cikin rajistar Windows, ƙarƙashin sunan KONAMI, duk sanda zai tashi kuma sai ya duba can. Ka ɗauko dosiyen, ka baro rajistar a kwamfutar abokinka, shi ya sa yake rantsuwa ba a girka shi ba. Ka koma ka karɓo ainihin mai girkawa, faifai ko ISO (kwafin faifan a fayil guda), ka girka a kowace na'ura. Ana iya fitar da wannan rubutu daga rajistar can a shigar nan, amma sai hanyar dosiye ta zo daidai harafi da harafi, kuma ba na son mutumin da bai saba ba ya shiga regedit, wato wurin gyaran rajista, yana gwaji. Ka kuma duba nauyin abin da ka kwafo. Ana kawo min kile a ce wasa na ciki, in duba in tarar alamar kan allo ce kawai aka ja, ƴar kilo ɗaya ko biyu.

Yanzu sai CRC, wanda shi ne ya fi cancantar ka zauna ka natsu, don shi kaɗai ne a cikin ukun zai iya zama alamar kayan aiki na mutuwa. Lokacin da aka dunƙule fayil a RAR, ana lissafa wata lamba daga abin da ke cikinsa a ajiye. In ana warwarewa a sake lissafawa. In lambobin biyu suka saɓa, to abin da ke hannunka ba shi ne wanda aka dunƙule ba, ko da bit ɗaya ne ya canja. Ba fayil ne ya ɓace ba, don haka babu abin da za ka girka ya gyara. Aikinka shi ne gano wurin da ya lalace a hanya.

Ga yadda ake bin sawu. WinRAR da 7-Zip duka suna da maɓallin gwaji, Tester, wanda ke karanta kunshin ba tare da ya warware ba. Ka je wurin abokinka ka gwada na asali a kan kwamfutarsa. Ka gwada wanda ke kan kile. Ka kwafa zuwa diskin kwamfutarka ka sake gwadawa. Inda ya fara faɗuwa, nan ɓarnar take.

In tun a wurin abokinka ya faɗi, to a saukewa ya lalace, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ke jan giga da yawa da rezon salula mai yankewa. In kunshin kashi-kashi ne, part1, part2 da sauransu, saƙon yakan faɗi wane kashi ne ya lalace, shi kaɗai za a sake saukewa. Dole kuma duk kashin su zauna a dosiye ɗaya da sunayensu na asali. Wani lokaci mai kunshin ya sa bayanan ceto a ciki, sai maɓallin Réparer na WinRAR ya iya ɗinke shi. In bai sa ba, maɓallin ba ya tsinana komai.

In a can lafiya lau, a kan kile ne ya faɗi, ka zargi kilen. Kasuwa cike take da kile na jabu: an rubuta giga 64 a jiki, Windows ma ya nuna 64, amma ainihin abin da ke ciki bai kai ko kusa ba. Yana karɓar kaya ba musu, sunayen fayiloli su bayyana da nauyinsu daidai, sai dai duk abin da ya wuce iyakar gaskiya iska ce. Alamarsa ita ce ƙananan abubuwan da ka fara zubawa suna buɗewa, manyan da suka biyo baya su lalace. Akwai ɗan shiri kyauta mai suna H2testw da ke cika kilen da rubutu ya sake karantawa, ya faɗa maka gaskiyar girmansa. Ka kwashe kayanka tukuna, kuma yana ɗaukar lokaci. Ko kile na gaske ma yana lalata kaya in an fizge shi da zarar layin kwafi ya cika, don wani lokaci rubutun bai ƙare ba. Sai kuma FAT32, tsarin da yawancin ƙananan kile ke zuwa da shi, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. In kana yawo da manyan ISO ka mai da shi exFAT ko NTFS. In kuwa ka buɗe kile ka ga dosiyoyinka duk sun koma alamomi masu ƴar kibiya, ƙwayar cutar nan ce da ke yawo a wuraren buga takardu. Kayan suna nan, ɓoye su ta yi. Kada ka danna alamomin. Ka bar antibirus ya share, sannan a cikin cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilenka E ne.

Wuri na uku da gwajin zai iya faɗuwa shi ne wanda ba na so ya zamo naka: kunshin lafiya a kan kile, amma a kwamfutarka yana faɗuwa. A nan ka lura da abu ɗaya. In kullum a kan fayil guda yake tsayawa, ka fi zargin diski, wataƙila kwafin ya sauka a gurbin da ya mutu. In yau ya tsaya a wannan fayil, ka sake ya tsaya a wani daban, wani jiƙon ma ya wuce lafiya, to kunshin ba ya canjawa tsakanin gwaji da gwaji, mai karatun ne ke kuskure, wato RAM, ko zafi. Kana da sa'a kana da na'ura huɗu: ka gwada kunshi ɗaya a kan dukansu, wadda ta fita daban ita ce marar lafiya. Don diski ka sa CrystalDiskInfo. In ya nuna launin rawaya da gurabe da aka sauya ko masu jiran sauyi, ka fara kwashe abin da ke da muhimmanci kafin komai, tun kafin chkdsk, umarnin binciken diski na Windows, don binciken yana wahalar da diskin da ya riga ya gaji. Don RAM ka rubuta mdsched a wurin bincike na Windows, ko ka bar MemTest86 ya kwana yana aiki. Sau da yawa ba mutuwa RAM ɗin ya yi ba. Ka kashe, ka zare waya, ka ciro shi, za ka ga ƙurar hunturu ta yi kunu a ramin, haƙoransa na zinariya sun dushe. Ka goge su da abin goge fensir, ka hure ramin, ka mayar har ka ji ƙugiyoyin gefe sun kama.

Kwamfutocin hannu sun riga sun yi shekaru a ofisoshin wasu ƙasashe kafin su iso mana, ga zafin Afrilu da Mayu a Adar da ke haura digiri 40, ga ɗaki a rufe da samari cike. In manyan girke-girke suna faɗuwa da rana su wuce da asuba, ka buɗe akwatin ka duba fanka. Yankewar kuran kuma ita ce babbar mai lalata fayil: wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu, fayil ya tsaya rabi. In da hali ka sa ondilar, mai riƙe wuta in ta yanke, ko da a kan na'ura ɗaya, ka riƙa yin girke-girkenka a kanta. Wani abu kuma, in wani mai girkawa ya nuna maka saƙo mai ambaton ISDone.dll ko Unarc.dll, kada ka tafi neman su. Ba su ne suka ɓace ba, su ne ke ba da rahoton cewa warwarewa ta gaza, kuma dalilan su ne waɗannan da muka bi, har da ƙarancin wuri a diski.

Akwai wani nau'in ɓacewar da ba ka ambata ba amma zai same ka: wasa yana yi jiya, yau ya ce fayil babu. Ka buɗe Sécurité Windows ka duba «Historique de protection», yawanci za ka tarar da shi a tsare a can. Mu faɗi gaskiya, yawancin wasannin da ke yawo a kile an fasa musu kariya ne, kuma fayil ɗin da aka fasa shi antibirus ke kamawa. Wani lokaci zargi ne kawai, wani lokaci kuwa da gaske akwai abu a ciki, kuma babu wanda zai rantse maka daga nesa. Ka karanta sunan abin da aka kama. In ka ga Sality ko Ramnit, waɗannan cututtuka ne masu shiga cikin fayilolin shirye-shirye su bazu, kada ka maido da komai, ka zubar da wannan kwafi. Shawarar da ake yawan bayarwa ta kashe antibirus gaba ɗaya kuwa, a ɗakin da kowa ke zuwa da kilensa, ban yarda da ita ba. Abin takaici, mai faifan asali ma bai tsira ba: Windows 10 ya daina aiki da SafeDisc, kariyar da ke kan faifan wasanni da yawa na farkon shekarun 2000, sai ka ga faifai na halal ya ƙi tashi. In kana da hanyar biya, shagon intanet na GOG na sayar da tsofaffin wasanni da dama da aka gyara don sabon Windows, ba kariya, da mai girkawa da za ka ajiye. A shagon wasanni na Steam kuma akwai «Vérifier l'intégrité des fichiers du jeu», mai sake sauke abin da ya lalace kaɗai.

Fayiloli irin su binkw32.dll na bidiyo, mss32.dll na sauti, ko vorbisfile.dll da eax.dll na San Andreas, na wasan ne, a dosiyensa suke zama, kuma daga kwafin wannan wasa kaɗai ake maido su. Na wani wasa suna ɗaya ne amma fitowa daban, sai ka ga saƙon «point d'entrée introuvable». In yaranka masu son ƙara motoci ne a San Andreas, ka ajiye kwafin gta3.img mai tsabta tun kafin su fara, don shi suke ɓatawa. In kuma wasan ya daina buɗewa haka kawai, ka shiga Documents, cikin GTA San Andreas User Files, ka goge gta_sa.set, saituna ne kawai, zai ƙirƙiri sabo, ajiyar wasan ba ta taɓuwa. Wurin girkawa ma yana da tasiri. Tun daga Windows Vista an hana shirye-shirye rubutu kai tsaye a Program Files, tsofaffin wasanni kuwa can suka saba rubutawa. Ka buɗe dosiye mai gajeren suna kamar C:\Jeux ka zuba su a ciki, kuma kada ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan dosiyen, wasannin wancan zamani ba su san waɗannan haruffa ba, sai su kasa gane hanya su ce fayil babu.

Fomataj yana da ranarsa: in cuta irin Sality ta mamaye na'ura, ko Windows kansa ya lalace har umarnin gyaransa, sfc /scannow da DISM, sun kasa gyara shi, ko an canja diski. In ka bi abin da na faɗa wani wasa ya ci gaba da rufewa ba tare da saƙo ba, ka buɗe Observateur d'événements, ka shiga Journaux Windows, sashen Application, ka nemi jan kuskuren da ya zo daidai lokacin da wasan ya faɗi. Akwai layi mai cewa «Nom du module défaillant». Ka ɗauki hotonsa da salula ka turo min, tare da sakamakon gwajin RAR ɗin a kan kwamfutocin huɗu.